Giga 320 na Malam: yadda aka kwashe aikin shekaru daga wata tsohuwar kwamfuta a Zariya

Kwamfutar ta tebur ce, mai akwati daban da allo daban. An saye ta wajajen 2010, kuma tun lokacin tana kusurwa ɗaya a ɗakin karatun wani malami mai ritaya a Tudun Wadan Zariya. Windows 7 ke kanta, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020. Faifan ajiyarta giga 320 ne, an raba shi gida biyu, C da D.

Malam ya koyar da Hausa a makarantun sakandare har ya ajiye aiki. Abin da ke cikin D shi ne duk abin da ya tara a gefen koyarwa: littattafan da bai kai ga bugawa ba, hotunan takardun ajami da ya ɗauka a zaurukan malamai na cikin birni, bidiyon hawan Sallah na shekaru da dama, sai hirarrakin da ya yi da tsofaffin magina da marina da makaɗa, waɗanda ya naɗa a kaset daga baya aka juye masa su zuwa kwamfuta. Da yawa daga cikin waɗanda ya yi hirar da su sun riga mu gidan gaskiya, kaset ɗin ma wasu sun narke, wasu an ara ba a dawo da su ba.

Ba a kawo ta shagonmu da ke Samaru don a fara kwashe kaya ba. An riga an gwada a gida, abin ya ɓaci, sannan aka ɗauko ta a Keke Napep.

Abin da aka yi a gida

Kwamfutar ta daɗe tana nauyi. In aka buɗe wasu foldoji sai ta sandare, linzami ya ƙi motsi, sai an danne maɓallin wuta an kashe ta da ƙarfi. 'Ya'yan Malam suka haɗa kuɗi za su saya masa laftof, aka ɗora wa jikansa ɗan jami'a alhakin kwashe kayan kafin ta iso.

Yaron ya sayi filash a hannun masu talla a bakin titi. An rubuta giga 256 a jikinsa, kuɗinsa kuwa bai kai na filash ɗin kirki mai giga 32 ba. Ya zaɓi foldar hirarraki da ta hotunan ajami, ya danna yanke maimakon kwafa. Dalilinsa ba na wauta ba ne: yana so ya riƙa ganin abin da ya rage bai ɗauka ba, kuma yana zaton rage wa kwamfutar kaya zai sa ta yi sauri. Aikin ya tafi lami lafiya, Windows bai yi ƙorafin komai ba. Da aka buɗe filash ɗin, ga sunayen fayiloli a jere, kowanne da girmansa daidai.

Sai bayan kusan mako biyu Malam ya nemi wata hira da ya yi da wani tsohon magini a kan yadda ake ɗaura bakan gizo a soro. Ta ƙi buɗewa. Ta kusa da ita ma haka. Hotunan ajami kuwa farin fili kawai suke nunawa.

Filash na jabu ƙarya yake yi wa kwamfuta game da girmansa. An taɓa ɗan ƙaramin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi ne don ya riƙa cewa shi giga 256 ne, alhali ainihin abin da zai iya riƙewa kaɗan ne. Kamar mai ajiyar kaya ne a tasha da ɗakinsa buhu goma yake ci, amma yana karɓar buhu ɗari, yana rubuta kowanne a littafi yana ba da rasit, yana jefar da ragowar ta bayan ɗaki. Littafin yana nan cif, shi ya sa sunaye ke fitowa. Wannan ne ya fi yi wa Malam wuyar karɓa.

"Ɗana, ai ga su nan ina kallon sunayensu. Ta yaya za ka ce babu su?"

"Allah gafarta Malam, sunayen ne kawai suka shiga. Abin da ke ciki bai shiga ba."

Ya juya ya dubi jikan ya ce, "To ka ji, abokina. Araha ba ta ado." Bai ƙara masa ko kalma ɗaya ba, a gabanmu dai.

Da kwafa aka yi, da filash ɗin kaɗai aka yi asara. Amma idan aka yanke fayil daga wani faifai zuwa wani, Windows yana kwafa ne, in wurin da aka kai ya amsa cewa ya karɓa, sai ya goge na asali. Filash ɗin ya amsa. Abin da ya rage mana fata shi ne, a faifai irin wannan mai juyawa, gogewa ba ta share bayanan nan take. Wurin kawai ake yi wa alamar cewa babu kowa, bayanan na nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Abin takaicin, a makonni biyun nan an ci gaba da aiki da kwamfutar, kuma da yaron ya ga fili ya samu a D sai ya zuba finafinai.

Kafin a taɓa komai

Wani ya ba su shawarar a yi wa kwamfutar fomatin a sake sa Windows, wai za ta warware. Da an yi, da wannan rubutun bai taso ba. Abin da muka fara yi shi ne hana a sake kunna ta, don duk tashin da Windows zai yi sai ya yi rubutu a faifai. Muka kwance akwatin, wanda ƙurar hunturu ta shekaru ta yi wa fankarsa bargo, muka ciro faifan, muka haɗa shi da kwamfutar shago ta wayar da ke juya SATA zuwa USB. Faifan kwamfutar tebur yana buƙatar wutar bolt 12 ta daban, ba kamar na laftof da USB kaɗai ke ɗauka ba, don haka aka jona shi a inbata, ba a soket ɗin bango ba.

Kowane faifai yana riƙe da bayanin lafiyarsa, wanda ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo ta nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi: akwai wuraren da suka lalace aka riga aka maye gurbinsu, akwai kuma waɗanda faifan ya kasa karantawa yana jiran ya sake gwadawa. Sandarewar da kwamfutar ke yi ke nan. Tana isa irin wannan wuri sai ta tsaya tana ta nanata karatu.

Faifan da ke wannan hali ba a sa masa manhajar gyaran kurakurai, ba a kuma yi ta lalube a cikinsa ana neman fayil. Ana ɗaukar hotonsa ne baki ɗaya, da wurin da ke da kaya da wanda ake ganin fanko ne, a ajiye a faifai mai lafiya, sannan a yi duk wani bincike a kan hoton. Mun yi amfani da manhajar ddrescue a kan Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba. Dabararta ita ce ta fara kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake inda ya yi gardama, sai ta gama ta dawo kansa. Kuma tana rubuta inda ta kwana a wani ɗan fayil, ta yadda ko wuta ta yanke za a ɗora daga nan. Ga mai aiki a garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mun ga amfaninsa, don batirin inbatar ya ƙare ana tsakiyar aiki. A ƙarshe 'yan megabait kaɗan ne suka ƙi karantuwa, akasarinsu a ɓangaren C, inda babu takardun Malam.

Me ya dawo, me bai dawo ba

Daga hoton faifan muka sa TestDisk ta nemo abin da aka goge. Inda bayanin fayil bai ɓace daga rajistar faifan ba, yakan dawo da sunansa. Yawancin hirarrakin ta nan suka dawo. Ragowar muka bi da PhotoRec, wadda ba ta duba rajista, tana shinshinar bayanan ne kai tsaye tana gane farkon hoto ko na sauti. Ita ba ta dawo da suna; sai dai ka ga harafin f da dogon jerin lambobi. Ɗaruruwan hotunan ajami haka suka fito, kuma babu mai iya cewa wannan shafin na wace waƙa ne ko daga gidan wa aka ɗauko shi sai Malam. Ya yi zaman yamma da dama a shagon, tabarau a hanci, yana karantawa yana faɗa, jikan yana rubuta suna.

Filash ɗin ma mun kwashe abin da ke cikinsa kafin mu gwada shi, aka samu fayilolin da aka fara zubawa lafiyarsu ƙalau. Bayan nan H2testw, wadda ke cika na'ura da bayanai ta sake karanta su, ta nuna bai kai giga 8 ba.

Inda finafinan suka hau babu magani. Hirar bakan gizon ta dawo da sunanta da girmanta, muka sa ta a lasifika. Muryar tsohon ta fito sarai, yana bayanin yadda ake jera azara ana ɗaurewa ana jira ta sha iska kafin a ƙara wata, sai kawai ƙara ta ɓarke, shuuu, kamar minti shida, sannan muryar ta dawo yana maganar wani abu dabam. Fayil ɗin WAV ne, wani nau'in fayil na sauti, shi kuwa duk abin da ya tarar a cikinsa sauti yake mayar da shi, har da guntun fim. Hirarraki huɗu ne suka sami irin wannan rauni, biyu kuma ba a ga ko alamarsu ba.

Eksitanal

A wannan karon an sayi faifan waje, wanda 'yan kasuwa ke kira eksitanal, mai tera 1, wato giga dubu, a shago mai adireshi da rasit. Da aka jona shi Windows ya nuna giga 931, Malam ya ce, "An sake cutarmu ke nan?" Ba cuta ba ce. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1024, shi ne bambancin. Duk da haka sai da ya kwana a gwajin H2testw kafin a zuba masa komai.

An bar shi a tsarin NTFS, wato tsarin jera fayiloli a faifai da Windows ke amfani da shi. Tsohon tsarin FAT32, wanda yawancin ƙananan filash ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, bidiyon hawan Sallah kuwa wasu sun haura haka. Tsarin exFAT ba shi da wannan iyaka kuma yana aiki a Windows da Mac, sai dai ba ya riƙe littafin abin da yake cikin yi kamar NTFS, don haka ya fi saurin rikicewa in aka fizge waya ko wuta ta ɗauke ana rubutu. Gidan Malam babu mai Mac, ɗaukewar wuta kuwa akwai.

Kwafar kanta ba ta da wani labari, in ban da sunaye. Malam mutum ne mai cikakken bayani: sunan fayil ɗaya kan ƙunshi wanda aka yi hira da shi, unguwarsa, ranar, da cewa kashi na biyu ne wanda aka gyara, kuma yana cikin folda, cikin folda, har hawa biyar ko shida. Windows yakan fara tuntuɓe in cikakken adireshin fayil ya wuce haruffa 260. Saboda haka ba a ja da linzami ba, an yi amfani da robocopy, wadda ke cikin Windows ɗin kansa, ba ta damu da tsawon suna ba, kuma tana barin rahoton abin da ta kwafa da abin da ta kasa. Bayan an gama muka sa FreeFileSync ta gwama ɓangarorin biyu ta abin da ke cikin fayilolin, ba ta suna da girma ba. Suna da girma ai su suka yaudari kowa tun farko.

Littattafan da suka iso lafiya amma ba sa karantuwa

Laftof ɗin ta iso, aka zuba mata kwafi daga eksitanal. Gwamawa ta nuna ko harafi ɗaya bai canza ba. Malam ya buɗe babban littafinsa, ya yi shiru, sannan ya juyo da allon. Inda ya rubuta ƙasa an sami }asa. Ɗaya ta koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo, Ƙofar Doka ta zama {ofar Doka. Shafi sama da ɗari uku, duk haka.

Duk wanda ya buga Hausa a kwamfuta kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin a duk na'urori, ya wadatu ya san wannan. A lokacin babu haruffa masu lanƙwasa a samfurin haruffan da ke zuwa da kwamfuta, sai aka ƙirƙiri na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, waɗanda suka yi wa rubutun Hausa hidima ƙwarai. Dabarar ita ce a ɗauki maɓallan da ba a cika amfani da su ba a zana musu ƙ da ɗ da ɓ. A ido ƙ kake gani, amma abin da ke ajiye a fayil alamar baka ce. Muddin samfurin na kan kwamfutar, lafiya lau. Shi kuwa ba ya zama a D ko a foldar takardu. Yana cikin C, a foldar haruffa ta Windows, wurin da mai kwashe kaya ba ya tunanin leƙawa. Da an yi fomatin ɗin nan, ko da an sayar da akwatin bayan kwashe D, da sai an shiga nema a wurin tsofaffin masu buga takardu.

Da yake hoton faifan gaba ɗaya na hannunmu, ciro samfurin da sa shi a laftof bai ɗauki minti biyar ba, rubutu ya miƙe. Amma wannan rufa-rufa ce. Duk wanda Malam ya tura wa littafin zai ga baka-baka a wayarsa, kuma in ya nemi kalmar ƙasa a cikin takardunsa da sabon allon rubutu ba zai same ta ba, don a wurin kwamfuta ba ita ce a rubuce ba. Gyaran gaskiya shi ne a musanya alamomin nan shida da haruffan Unicode ta hanyar nema da musanyawa na Word. A nan ma akwai tarko: a wuraren da Malam ya kawo zancen Turanci da wani samfurin haruffa, bakan da ke wurin baka ne na gaske, in aka musanya su duka sai su koma ɗ. Dole a gaya wa Word ya taɓa rubutun da ke cikin tsohon samfurin kaɗai, kuma a yi aikin a kan kwafi, a bar na asali yadda yake. Kafin a fara, an fitar da kowane littafi a PDF da haruffansa a ƙunshe, don a sami abin dubawa in an yi shakka.

Tun daga wannan aikin ba na cewa an gama kwashe kaya sai mai kayan ya zauna a gaban wata na'urar, ba tsohuwar ba, ya buɗe abubuwansa da hannunsa. Manhaja za ta tabbatar maka fayil bai canza ba, amma ba ta san ko ana iya karanta shi ba.

Gardamar kwafi nawa

Ra'ayin Malam shi ne aiki ya ƙare: a goge tsohon faifan a mayar a ba yara kwamfutar, a rage kayan laftof don kada ita ma ta yi nauyi, a kulle eksitanal a durowa. Wato a koma kwafi ɗaya, an dai canza masa mazauni. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a shago, fiye da filash na jabu. Eksitanal faifai ne mai juyawa irin wanda ya fara mutuwa ɗin nan, ga shi kuma ana ɗaukarsa ana ajiyewa. Faɗowa ɗaya daga tebur yana aiki ta isa. Abin da ke wuri ɗaya tak ba shi da ajiyar ko-ta-kwana, ko a ina wurin yake.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Na wajen gidan ne ya fi ba Malam mamaki, har sai da 'yarsa ta ce, "Baba, in ɓarawo ya shigo ɗakin nan, laftof zai ɗauka ya bar abin da ke durowa?" Gobara da ruwan damina ma ba sa zaɓe.

Sai aka raba kayan bisa nauyinsu. Rubuce-rubucen duka, aikin fiye da shekara goma, ba su kai giga 2 ba, don haka suka hau Google Drive, inda ake ba da giga 15 kyauta haɗe da Gmail da hotuna. An ja kunnen jikan cewa foldar da ke daidaita kanta da intanet tana bin umarni ne ido rufe: in ka goge a laftof ta goge a can, kwandon shararta kuma kwana 30 yake riƙe abu. Sauti kuwa ba zai hau ba. WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a minti, sa'a ɗaya ta haura 600, kuɗin data kaɗai ya isa ya hana. An juya hirarrakin zuwa FLAC, wanda ke rage girma sosai ba tare da zubar da komai na sautin ba, aka kuma sayi eksitanal na biyu da zai zauna a gidan 'yar a Kaduna. Tsohon faifan ba a goge shi ba, an naɗe shi an rubuta kwanan wata a jiki. Ba a lissafa shi cikin ukun, amma ajiye shi ba ya cin komai. Kwamfutar yara aka sa mata wani.

Sharaɗi biyu aka gindaya. Eksitanal ba ya kwana a jone, don tsawa ko hauhawar wuta kada ta haɗa shi da laftof. Kuma ba ya zuwa shagon buga takardu, inda ƙwayar cutar nan mai ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu take yawo daga filash zuwa filash. Abin da za a buga a tura shi ta waya. An saita FreeFileSync ta riƙa ƙara sabo da wanda aka gyara kawai, ba ta goge komai a eksitanal ba, ta yadda danna maɓalli ɗaya ya wadatar duk Juma'a.

Na gida yana tafiya, don jikan ya ɗauki abin da zafi. Na Kaduna ne ke ɗingishi: tsarin shi ne 'yar ta riƙa zuwa da shi ƙarshen wata a sabunta, zuwan farko kuwa ta manta shi a gida, aka ɗaga. Juya rubutu zuwa Unicode an gama littafi biyu. Saura tarin waƙoƙi da ƙamus ɗin kalmomin magina, wanda shi zai fi cin lokaci, don kusan kowane layi nasa Hausa ce da Turanci a haɗe, sai an bi shi shafi-shafi.